Tumakin Don Zenobio

"Ba haka ba," in ji Don Zenobio daga kan gado. "Baki biyu gare shi, duka za ki rufe. Kin bar ɗaya tsirara."

Doña Nicolasa ta ɗaga batirin ta juya shi a hasken taga. Ɗan siriri ne, bai wuce tsawon yatsa ba, irin wanda ake cirowa daga fitilar caji. Ta ja salatef, ta yanka da almakashi, ta liƙe ɗaya bakin.

"Tun kafin ka yi furfura nake ɗaure bakin buhu, maƙwabci. Yau kuma kai ne malamina?"

"Buhu ba ya kama wuta in ya gogi ɗan'uwansa. Tura shi cikin yashi. Can ƙasa. Kar ya taɓa na kusa da shi."

Ta tura. Manyan gwangwanayen madara ne jere a gindin bango, kowanne cike da busasshen yashi, nesa da risho, nesa da inda rana ke faɗowa. Mai ɗakin kuwa yana kwance ƙarƙashin barguna, sanye da baƙar kwat ɗinsa mai aljihuna da yawa, wadda ya ƙi cirewa tun da ciwon ƙirji ya kwantar da shi.

Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da nata, a wani layi marar kwalta a gefen birnin El Alto, can kan tudu. Ita tana sayar da kunun jan masara da fanke a tashar ƙananan bas, ta tashi kasuwa kafin hantsi. Shi kuma tsohon ma'aikacin motar shara ne, matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ɗaya tana aure a Santa Cruz. Wata safiya a zamanin aikinsa, injin matse shara ya danna lodi, sai hayaƙi ya taso daga cikin motar. Kafin su sauke komai wuta ta ci rabinta. Ba wanda ya mutu. Shi dai ya rasa girarsa ta hagu, gashinta bai sake fitowa ba. Daga baya aka gano batirin tsohuwar kwamfuta ne wani ya jefa cikin ɓawon dankali.

Tun da ya yi ritaya yake zaga layin yana karɓar matattun batura: na waya da suka kumbura, na kwamfuta, na fitila, na motar wasan yara. Ya rufe bakinsu, ya binne su a yashi, in gwangwanayen sun cika ya shiga bas ya kai su wani ɗan ofishi a can ƙasan gari, inda ake karɓar irinsu a tura wa masu narkarwa. Ba a ba shi komai. Da yake ɗan makiyaya ne daga wani ƙauye a bakin tafki, tumakina yake ce musu, layin kuma duk ya ɗauka. Mata kan leƙo su ce, "Baba Zenobio, ga wata tunkiya ta kumbura."

"Garken ya cika," ya ce yanzu, yana kallon bangon. "Da wannan makon zan kai su."

"Za ka kai su in ka miƙe."

"Nicolasa."

Bai saba kiran sunanta haka kai tsaye ba. Ta ajiye almakashin.

"In ban miƙe ba, ke za ki kai. Kar su shiga shara, kar su shiga ruwa, kar yara su fasa su. Mijinki Primitivo ya ɗauke ki a motarsa, ai ba wani aikin kirki yake yi ba."

"Zan faɗa masa ka ce haka."

"Faɗa masa. Kin yarda?"

"Na yarda. Sha kununka, ya huce."

Ya sha. Ita kuma ta zura almakashinsa da naɗin salatef a aljihun zaninta na aiki, don a ranar ma akwai wasu da aka kawo ƙofa ba a rufe ba.

'Yarsa Rosmery ta iso ranar Asabar, tana haki saboda ta manta ƙarancin iskar tudun nan. Bayanta yayarsa Doña Eulogia ta zo daga ƙauye, gajeriyar tsohuwa mai ƙarfin murya, da ƙunshin busasshen dankali da cuku a baya. Ta tsaya a ƙofar ɗakin ta dubi gwangwanayen.

"Waɗannan fa?"

"Tumakina ne, yaya."

"Baba ya bar maka garke na gaske ka gudu birni, ka zo kana kiwon gwangwani."

"Waɗannan ba sa shiga gonar mutane."

Ta yi tsaki, amma da yamma Nicolasa ta gan ta tana goge musu ƙura da gefen mayafinta.

Likitan da Rosmery ta kawo bai ɓoye musu komai ba, shi ma marar lafiyar bai nemi a ɓoye masa ba. Abin da ya nema kawai shi ne a riƙa fitar da shi hantsi. Don Primitivo, mijin Nicolasa, shi ke ɗaukarsa kamar jariri ya zaunar da shi a kujerar roba a bakin ƙofa, fuskarsa na kallon dutsen ƙanƙarar da ake hangowa daga layin.

"Ka yi nauyi, tsoho. Me kake ci a ɓoye?"

"Aljihuna ne. Kai dai ka yi a hankali, ba fasinja ka ɗauko ba."

Masu dubiya suka yi ta zuwa. Wasu da lemo, wasu da ganyen koka na taunawa, amma mafi yawansu, da ba su san abin da za su kawo masa ba, sai su zo da mataccen batir naɗe a takarda. Mai aski ya kawo na injin askinsa. Wata malamar firamare ta kawo leda guda da ɗalibanta suka tara. Don Zenobio ya karɓi kowanne ya juya shi a tafin hannu, ya danna cikinsa a hankali da babban yatsa, ya miƙa wa Nicolasa.

"Wannan ya kusa haihuwa. Ba shi gwangwaninsa shi kaɗai."

Rosmery ta ce wa Nicolasa a kicin, "Inna, ban taɓa ganin wanda ake kawo wa shara dubiya yana murna ba."

"Kin daɗe rabonki da layin nan ne."

Ranar Laraba da azahar ya cika. Rediyo na ba da labarin ƙwallo a cikin ɗaki, Eulogia na feraye dankali a dokin ƙofa, Nicolasa na durƙushe gefen kujerar tana liƙe bakin wani batir. Ya ce mata rana ta yi daɗi yau. Ta ce ta yi. Da ta ɗago don ta nuna masa aikinta, kansa ya karkata gefe, hannunsa na kan cinya, kofin kunun da ya sha rabi yana ƙasa bai zube ba. Ta gama liƙe ɗaya bakin tukuna, ta tura batirin cikin yashi, sannan ta kira yayarsa.

An binne shi ranar Juma'a. Mutane sun fi yadda aka zata yawa, har da tsofaffin abokan aikinsa na motar shara, waɗanda suka zo da 'yan busa.

Saura aikin ranar takwas da rasuwarsa. A al'adarsu dangi ba sa wanke kayan mamaci, sai wani na waje, don haka aikin ya faɗo kan Nicolasa. Ta wanke barguna da riguna da wanduna, ta shanya su a kan katangar da ta raba gidajen. Kwat ɗin ta bari ƙarshe. Ta bi aljihunta ɗaya bayan ɗaya, ta ciro batura biyu da ya manta, da ƙwayar alewa, da tsohon tikitin bas. Ta shafa shafin rigar da tafin hannu har ta tabbatar ba abin da ya maƙale, sannan ta tsoma ta a ruwa. Gwangwanayen ta jera su a inuwar zauren gidansa, ta gaya wa Primitivo su kai su washegarin ranar takwas, in an gama hidima.

A ranar ta fita kasuwarta da safe kamar kullum. Da ta dawo ta tarar Eulogia ta riga ta ɗaure kayan cikin manyan mayafai masu ratsi, ƙunshi uku, an loda su a bas ɗin Primitivo. Za a kai su fili a bayan gari a ƙona, don mamaci ya samu abin sawa da abin amfani a hanyarsa, kar ya dawo neman wani abu. Nicolasa ta sauya baƙaƙen kaya da sauri ta shiga mota.

Filin yana bayan gidajen ƙarshe, inda ba komai sai busasshiyar ciyawa da iska. Mutum wajen ashirin suka sauka. Maza suka haɗa itace da tsofaffin katakai, suka zuba kananzir, wutar ta tashi tana kwanciya gefe guda. Mata suka shimfiɗa mayafi suka zuba ganyen koka. Aka yayyafa wa ƙasa giya. Ƙunshi na farko ya shiga, barguna ne, hayaƙinsu fari. Mutane suka matso suna jin ɗumi, har da jikokin Eulogia biyu da ke riƙe da gefen zaninta.

Primitivo ya jawo ƙunshi na uku daga mota yana nishi.

"Kai, wannan kuma duwatsu ya tara? Zo ki kama mini, mace."

Nicolasa ta kama ɗaya gefen. Nauyin ya ja kafaɗarta. Wani abu ya yi ƙara a ciki, ƙarfe kan ƙarfe. Ta dubi ƙasa, sai ta ga siririn yashi yana zuba daga kusurwar mayafin a kan takalminta.

"Sauke."

"Ai wutar na can."

"Na ce sauke, Primitivo. A nan."

Ya sauke. Ta gyara zaninta ta zauna a kan ƙunshin.

Surutu ya tsaya. Eulogia ta taho, sandarta na nitsewa a ƙasa.

"Lafiya, Doña Nicolasa? Jiri ne?"

"Mama Eulogia, gwangwanayen ne a ciki?"

"Su ne. Duka. Ban bar ko ɗaya ba." Ta faɗa da alfahari. "Ni kaɗai na kinkime su."

"Ba za su shiga wuta ba."

"Wa ya ce?"

"Shi ya ce."

Tsohuwar ta juya ta dubi jama'a, ta sake duban Nicolasa. "Ke maƙwabciya ce, mun gode, kin wanke kaya, Allah ya biya ki. Amma ni na goya shi. Ƙanena ba shi da gona, ba shi da jaki, matarsa ta riga shi. Abin da ya rage masa a duniya ke nan. Da idona na ga yadda yake shafa su. Sai in tura shi hannu wofi kamar wanda bai taɓa yin aiki ba? Ya isa can su ce masa, kai me ka yi?"

Wasu mata suka gyaɗa kai. Wani dattijo daga ƙauyen ya ce ƙunshin da aka ɗaure wa mamaci dangi ba sa kwance shi, in an kwance zai yi ta dawowa gida.

"Inna," in ji Rosmery a hankali, "ba za a iya jefawa daga nesa ba? Mu ja da baya?"

"Nesa ina?" in ji Nicolasa. "Ɗaya tak ya ci rabin motar shara, 'yar nan. Nan gwangwani nawa ne? Za su yi ta fashewa suna tsalle kamar gugguru, hayaƙinsu kuma ba na shaƙa ba ne. Ga iska, ga ciyawa, ga yara."

"Wace motar shara?" in ji Eulogia.

"Wadda ta ci masa gira."

"Risho ne ya ci masa gira. Shi ya faɗa mini."

Ɗaya daga cikin tsofaffin abokan aikinsa, wani dogo mai hular ulu, ya yi gyaran murya. "Ba risho ba ne, Mama. Ina wurin. Cewa ya yi in kika ji gaskiya za ki zo ki tasa shi gaba zuwa ƙauye."

"Da na zo kuwa," in ji ta. Ta dubi wutar. Sannan ta buga sandarta. "Duk da haka. Nasa ne. Da Baba ya rasu ba mu tura shi haka ba."

Nicolasa ba ta motsa daga kan ƙunshin ba. Sanyin gwangwanayen na ratsa zaninta.

"Da me kuka tura shi?"

"Da igiyarsa ta kiwo, da majajjawarsa, da hularsa."

"Tumakin fa?"

"Tumakin me?"

"Kun ƙona su?"

"Ke, kina da hankali kuwa? Wa ke ƙona tumaki? Tumaki na masu rai ne, a ci gaba da..." Ta tsaya.

Primitivo ya juya baya yana tari, kafaɗunsa na rawa. Nicolasa ta sa hannu a aljihun zanin aikinta, wanda ba ta cire ba ƙarƙashin baƙin mayafin, ta fito da almakashin da naɗin salatef. Almakashin tsoho ne, an ɗaure hannunsa ɗaya da zare.

"Ga igiyarsa, ga majajjawarsa. Kwat ɗin tana ƙunshi na biyu, na duba aljihunta, ba komai. Ki tura shi da waɗannan. Garken kuma a kai shi inda yake kai shi."

Eulogia ta karɓa. Ta buɗe almakashin ta rufe, ta sake buɗewa.

"Ƙunshin fa? Na riga na ɗaure."

"Kar ki kwance. A kai shi a ɗaure. Mutanen can ba danginku ba ne, su kwance."

Dattijon ƙauyen ya tauna ganyensa ya yi tunani, ya ce bai taɓa jin an hana haka ba.

Tsohuwar ta taka zuwa bakin wutar ita kaɗai. Ta yi magana ƙasa-ƙasa cikin harshen ƙauyensu, ta jefa salatef ɗin, ta jefa almakashin. Ƙunshi na biyu ya bi su. Da mayafin ya ci, an ga baƙar kwat ɗin na ɗan lokaci, hannunta ɗaya ya ɗaga da zafin wutar, sannan ta kwanta.

"Maƙaryacin banza," in ji Eulogia tana share ido. "Wai risho."

Primitivo ya mayar da ƙunshi na uku cikin mota, ya ja motar can nesa da wutar, ba wanda ya sa shi.

Washegari da hantsi suka gangara cikin gari. Eulogia ta ƙi yarda kowa ya taɓa ƙunshin a hanya, da suka isa kuma ta sa aka ɗora mata shi a baya, ta shiga da shi ofishin a duƙe, Rosmery da Nicolasa na tallafe da gefensa. Matar da ke karɓar kaya ta miƙe tana kallon baƙaƙen tufafinsu.

"Daga ina?"

"Daga Don Zenobio," in ji Nicolasa.

"Shi bai zo..." Ta dubi fuskokinsu ta bar maganar. Ta sa safar hannu ta durƙusa ta kwance ƙullin da kanta, ba tare da an ce mata komai ba. Ta buɗe gwangwani ɗaya, ta tona yashin, ta ciro batir ta duba bakinsa biyu.

"Nasa ba a taɓa sake musu ɗauri ba," ta ce.

"Me za ku yi da su?" in ji Eulogia.

"Tura su za a yi, Mama. A can a ciro ƙarfen da ke ciki, a yi sababbi da shi."

"Wato sausaya. A aske ulu, a saƙa wani abu."

"Kusan haka."

"To." Eulogia ta karɓi mayafinta ta kakkaɓe yashin, ta ninke. "Gwangwanayen ki ba mu abinmu. Ba su muka kawo miki ba."

Eulogia ta koma ƙauye a ƙarshen mako, Rosmery ta bi jirginta, aka sa wa gidan kwaɗo. Gwangwanayen suka kwana biyu a zauren Nicolasa. Primitivo ya yi ta tuntuɓe da su yana ƙorafi, har wata rana ya dawo da buhun yashi a bayan mota ya ce a hanya ya tsinta. Ta cika ɗaya, ta ajiye shi a inuwar katanga, tsakanin ƙofarta da tasa, ta ɗora masa murfi.

Ranar Litinin ta dawo daga tasha tana tura kekenta na kunu, sai ta ga murfin a karkace. Ta ɗaga. Wani ya tura batirin fitila cikin yashin, rabinsa a waje. An naɗe bakinsa ɗaya da filastar ciwo, ɗayan a buɗe.

Ta duba layin. Ba kowa sai kare yana kwance a rana a inda kujerar roba take zama. Ta jingine keken, ta zauna a dokin ƙofa, ta ciro sabon naɗin salatef daga aljihu. Ba ta sayi almakashi ba tukuna, sai ta yanka da haƙori.